Notuna Ashirin da Huɗu

A ƙauyensu ba kalanda ce ke faɗa wa mutane hunturu ya iso ba, Aulis ne. Ran da aka ga ya mirgino tayoyin ƙanƙara, masu ƙusoshi a jiki don kama hanya mai santsi, daga rumfar itace ya jera su a tsakar gida, sai maƙwabta su ce to, a fiddo manyan riguna. Shekara arba'in da shida yana wannan aiki, shekara arba'in da shida kuma matarsa Tuovi na kawo masa gahawa ta tsaya a kansa tana kallo. Bai taɓa kawo mata fure ba. Daɗin baki kuwa ko a zamanin da yake nemanta bai iya ba, sai ya zo ya zauna a gidansu ya yi ta juya hula a hannu har lokacin tafiya ya yi. Abin da ya iya shi ne ya durƙusa gaban motar da za ta shiga, ya ɗaure kowane noti har jijiyar wuyansa ta miƙe, notin ya yi wata 'yar ƙara, ƙiiƙ, kamar ana taka tsohon katako. Tuovi ta daɗe da gane cewa duk abin da wasu maza ke faɗa da baki, nata mijin da sufana yake faɗarsa.

To, a wannan shekarar, lokacin da ƙanƙarar tafki ta fara narkewa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah Ya taimaka, ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma hannun rabi ya dawo ya bar rabi a can. Likita ya hana shi tuƙi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan babbar motar katako a dazuzzukan Kainuu, sai ga shi a kujerar gefe, hannu a cinya, Tuovi na tuƙa shi a tsohuwar a-kori-kurarsu. Kowace Alhamis sai sun je garin Kajaani an yi masa gashin hannu, kilomita ɗari da goma zuwa, ɗari da goma dawowa. Da rani wannan ba komai ba ne. Amma Tuovi ba ta taɓa yin doguwar tafiya a kan ƙanƙara da hannunta ba, ga shi kuwa watan Oktoba ya kusa ƙarewa, hanya ta fara ƙyalli da safe.

Ran Litinin suka loda tsofaffin tayoyin ƙanƙara a baya, suka nufi shagon Kauko mai taya, abokin Aulis tun suna makarantar firamare, wai a duba musu iska.

Kauko na hango shi ya ajiye abin da ke hannunsa. "Kai, ashe kana nan da rai? Ni har na kai baƙar kwat ɗina wanki."

"Adana ta," in ji Aulis. "A cikinta za mu binne ka."

"Tuovi, sannu da haƙuri da wannan kututturen." Kauko ya sauke taya ɗaya, ya danna mata farcen babban yatsa, ya duba lambobin da ke gefenta, ya yi tsaki. "Wannan ai ba roba ba ce, ƙashi ne. Hunturu tara! Dubi ƙusoshin. Haƙoran bakinka sun fi su yawa, kai kuwa ka san abin da ya rage maka."

"Zanen bai suɗe ba."

"Zane! Zane zai kama maka hanya? Roba in ta tsufa, sanyi na taɓa ta sai ta sandare. Ka taka birki a nan, ka tsaya a Rasha."

Aulis ya sosa haɓa da hannun hagu. "To ba ni biyu, a sa a gaba."

"Huɗu ko babu. Ka sa sababbi a gaba, tsofaffi a baya, a kwanar farko gindin motar ya riga kanta isa Kajaani. Kuma ba na ƙaramar mota zan ba ka ba, masu ɗaukar kaya zan ba ka. Na san yadda kake labta wa motar nan itace kamar ta kashe maka uba."

"Shekara talatin ina tuƙi a kan..."

"Ba kai za ka tuƙa ba, Aulis."

Kauko da kansa ya sunkuyar da kai, don ya san maganar ta fita da ƙaho. Tuovi ta ga kunnuwan mijinta sun yi ja. Ya juyo ya dube ta, kallo mai tsawo, tun daga hular ulu har takalmi, kamar yau ya fara lura da ƙanƙantarta.

"Huɗu," ya ce. "Mafi kyawun da kake da su."

Kauko ya ɗora sababbin robobin a kan ƙarafunansu, ya daidaita su, ƙusoshin na sheƙi kamar an yayyafa azurfa. Ya ce a shigo da motar ya ɗaura, aikin minti ashirin ne. Aulis ya ce a'a, a loda masa a baya.

"Tayar da matata za ta hau, ba mai ɗaurawa sai ni."

Kauko bai yi gardama ba. Amma da yake rufe bayan motar, ya matso kusa da Tuovi ya ce da ita ƙasa-ƙasa, "In ya gama, ki kira ni."

Ran Talata Aulis ya fita tun ƙarfe tara, gari na wayewa. Aikin da a da yake gamawa kafin gahawa ta huce, sai da ya kai shi ƙarfe biyu. Ya ɗaga jak da hagu, ya tallafi taya da gwiwa, ya faɗi zaune sau biyu, sau biyun kuma Tuovi ta juya wa taga baya don kada ya ga ta gani. Da ya zo ɗaurin ƙarshe ta fito da gahawa kamar yadda ta saba. Ya kama sufana da hannun dama, don da shi ya saba, kuma hannun da ya yi shekara hamsin yana aiki ba ya tambayar mai shi izini. Ya danna. Jijiyar wuyansa ta miƙe, fuskarsa ta yi ja, numfashinsa ya fita fari a cikin sanyi. Komai kamar da.

Sai dai notin bai yi ƙara ba.

Ta kasa kunne a na biyu, a na uku. Shiru. Hannun na gaya masa ya ɗauru, shi kuwa ya yarda da shi, don bai taɓa yi masa ƙarya ba. Tuovi ta riƙe kofi da hannu biyu har ya zagaye tayoyi huɗu, shida-shida, ba ta ji ƙarar nan ko sau ɗaya ba.

Ya miƙe yana haki, ya bugi taya da tafin hannu, ya yi dariya. Tun watan Afrilu rabonta da jin dariyar nan. Da rana ya shanye kwano biyu na romon kifi da baƙin burodi. Da yamma ya hura wutar ɗakin surace da kansa, ta ji shi daga kicin yana rera wata tsohuwar waƙa da muryarsa mai kama da jan buhu a kan tsakuwa. Har 'yarsu Maarit ya kira a waya, shi da ba ya kiran kowa. "Ki gaya wa mijin nan naki mai kai mota shago," ya ce, "tsoho ya ɗaura huɗu shi kaɗai."

To, da wane baki za ta faɗa masa? Gaba kura, baya siyaki. In ta yi shiru, jibi za su hau hanyar Kajaani a kan tayoyin da ba su ɗauru ba. In ta yi magana, ta ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana ganin kansa namiji da shi. Ta san mijinta. Ba zai yi faɗa ba, zai ce to, ya koma kujerar bakin taga inda ya shafe rani yana kallon tafki, kuma wannan karon ba ta da tabbacin zai sake tashi.

Ran Laraba aka wayi gari dusar ƙanƙara ta sauka, mai laushi, ta rufe tsakar gida fari fat. Bayan abincin rana Aulis ya kwanta kamar yadda likita ya umarta. Tana jin minsharinsa ya daidaita, ta zura takalmi, ta shiga rumfar itace ta kira Kauko.

"Ga ni nan zuwa," in ji shi.

"Kar ka zo. Ƙarar motarka ko gawa sai ta tashi."

"To ɗauki sufanar, ki gwada ɗaya. Ki danna da duk ƙarfin hannunki, amma kar ki hau da ƙafa, kya tsinke ƙarfen. In ya juya, to ki bi su duka. Kuma gobe in kun yi ɗan nisa a sake dubawa, kin ji ko?"

Ta durƙusa gaban tayar gaba ta hagu. A ranta tana roƙon Allah Ya sa kunnenta ne ya tsufa, Ya sa notin ya ƙi motsi ta koma ɗaki tana jin kunyar kanta. Ta danna. Notin ya juya kamar murfin kwalbar zuma.

Nan hawaye ya zo mata, mai zafi, ya sauko ya huce a kumatu. Ba kukan tsoro ba ne. Tunawa ta yi da yadda ya ciza leɓe jiya a daidai wannan wurin, ya ba notin nan duk abin da yake da shi, kuma duk abin da yake da shi ɗin bai kai ƙarfin tsohuwa mai shekara sittin da takwas ba. Ta goge ido da bayan safar hannu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya a jere, taya bayan taya. Babu wanda bai juya ba.

Sai da ta miƙe ta ga ɓarnar da ta yi. Sabuwar dusa ba ta rufa wa kowa asiri. Ga sawun gwiwoyinta a gaban kowace taya, ga shatin sufana inda ta ajiye ta, ga sawun ƙafa ya zagaye mota kamar an yi rawa. Ta ɗauko tsintsiya da sauri ta share. Da ta ja baya ta duba, sai ta ga abin ya fi na da muni: tsakar gida fari tas ba wanda ya taɓa, sai da'ira huɗu a share, ɗaya a gindin kowace taya. Ta fara faɗaɗa sharar ke nan ta ɗaga kai, ta ga labulen ɗakin kwana ya motsa.

Da ta shiga yana zaune a bakin tebur.

"Kin yi shara," ya ce.

"Na yi."

Ya jawo kwanonsa gabansa. Romon da ya rage ma cokali uku ya sha.

Ran Alhamis suka kama hanya da gari ya yi haske. Sanyi ya sauka digiri goma sha biyu ƙasa da sifili, itatuwa sun yi furfura, hanya ta yi sumul tana ɗaukar ido. Sababbin ƙusoshin na ta zuzu a ƙarƙashinsu. Aulis na kallon gaba, maganarsa ba ta wuce ta aiki ba.

"A hankali. Sababbin ƙusoshi ba a yi musu gaggawa, sai sun zauna a cikin robar." Can kuma, "Sassauta tun kafin kwana, ba a cikinta ba."

Bayan wata gada barewar kiwo uku suka fito daga daji suka tsaya a tsakiyar hanya, da ƙararrawa a wuyansu, suna kallon mota kamar su suka gina titin. Tuovi ta taka birki, motar ta yi ɗan gurnani ta tsaya cak, a miƙe, ba ta karkata ko taƙi ɗaya ba. A da, da Aulis ya ce wani abu, ko da zagin barewar ne. Yau bai ce uffan ba, kuma shirun nan ya fi mata santsin hanya ban tsoro.

Sun yi kamar kilomita hamsin ya nuna wani fili a gefen hanya inda ake tara katako. "Tsaya can."

Kowa ya san in an sauya taya akan tsaya a sake bin notuna bayan an ɗan yi tafiya, don haka ba ta tambaya ba. Ya fita, ya zaro sufana daga bayan kujera, ya tsaya gaban tayar gaba. Bai durƙusa ba. Ta zagayo ta tsaya kusa da shi. Ba kowa a wurin sai tarin gungume da dusa ta lulluɓe, da hankaka ɗaya.

"Nawa ne suka juya?" ya tambaya, idonsa a kan taya.

Ta so ta ce biyu, ko uku. Ƙaryar har ta hau harshenta. Amma a shekara arba'in da shida ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan abin da ya shafi mota ba, shi ma bai taɓa yi mata ba.

"Duka."

"Duka nawa?"

"Ashirin da huɗu, Aulis."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗaga hannun daman ya dube shi, ya juya shi ciki da baya, kamar wanda ya tsinci safar wani. "Ya ce mini sun ɗauru," ya ce. "Wallahi haka ya ce mini." Muryarsa ta karye. "Da na sa ki a hanyar nan. Da hannuna. Da tayar ta fita a gadar can..."

"Ba ta fita ba."

"Don kin durƙusa a cikin dusa kamar ɓarauniya a gidanki! Da gwiwar taki mai ciwo!" Ya juyo, idanunsa sun cika. "Me ya hana ki faɗa mini, Tuovi? Na zama abin da ake lallaɓawa ke nan? Kamar ƙwai?"

"Ka yi waƙa," ta ce. Ita ma kukan ya ƙwace mata. "Ka yi waƙa a ɗakin surace, tsohon banza. Wata bakwai ina jiran in ji muryar nan taka mara daɗi. Ka ce in shigo in ce maka me?"

Hankakan ya tashi ya bar musu wurin. Tuovi ta kama hannun nan da ya yi masa ƙarya, ta cire masa safa, ta tura shi cikin rigarta ta ulu inda ke da ɗumi, ta riƙe shi a nan. Yatsun sun yi sanyi, biyu daga ciki ba sa lanƙwasuwa. Hannun da ya gina musu gida, ya ɗauki Maarit ran da aka haife ta. Suka tsaya haka, goshinsa a kan hularta, har numfashinsu ya haɗu ya zama hayaƙi ɗaya.

Can ya ja hanci. "Ta yaya kika bi su?"

"A jere. Ɗaya bayan ɗaya."

"A jere!" Ya ɗago kai, kuma ta rantse ta ga tsohon Aulis ya leƙo ta cikin jajayen idanun. "Shekara arba'in da shida kina tsaye a kaina, ashe gahawa kawai kike kallo? Ba a bin su a jere, taya sai ta zauna a karkace. In kin ɗaura wannan, sai ki tsallaka wanda ke fuskantarsa. Durƙusa. A'a, tsaya." Ya cire hularsa ya shimfiɗa mata a kan dusa. "Sa gwiwar a nan."

Ta durƙusa, ya tsuguna a bayanta. Ya nuna mata inda za ta kama sufanar, can ƙarshe, ba tsakiya ba, da yadda za ta miƙe hannu ta bar nauyin kafaɗa ya yi aikin. Ya ɗora hannunsa na hagu a kan nata. Suka danna tare, notin ya ɗan motsa ya tsaya.

"Yanzu na ƙasa. Ba wannan ba, tsohuwa, wancan. Makauniya na aura?"

"Kurma na aura, ban yi ƙorafi ba."

Sun gama taya biyu suna kan ta uku, sai ga babbar motar katako ta rage gudu ta tsaya a bayansu tana huci. Direban ya sauko, ƙato mai furfura a gemu. Oiva ne, wanda Aulis ya koya wa tuƙin daji shekaru da yawa da suka wuce, har yau kuma in ya gan shi sai ya cire hula.

"Maigida! Lafiya? Faci kuka yi?" Ya dubi Tuovi a durƙushe da sufana, ya dubi Aulis kai ba hula, ya rasa inda zai sa idonsa. "Kawo in ƙarasa muku, Inna. Ko da yake wane ni, ga mai abin a tsaye. Maigida, baya ne ya riƙe ka?"

Ga ƙofa a buɗe, an ma riƙe masa ita. Tuovi ta sunkuyar da kai tana jiran ya ce e, baya ne, sanyi ne, gobe zai warware. Ba za ta ga laifinsa ba. Tun da ciwon ya same shi bai taɓa ambatarsa a gaban kowa ba, ko a gaban Maarit sai dai ya ce "abin nan".

Aulis ya miƙe da ƙyar. Ya ɗaga hannun daman a gaban mutumin da ya koya wa aiki.

"Ba baya ba ne, Oiva. Hannun ne ya tafi. Ba ya ɗaure noti, ba zai kuma sake ɗaurewa ba." Ya nuna Tuovi da haɓa. "Ita ke ɗaurawa yanzu. Ni ina nuna mata."

Oiva ya gyaɗa kai yadda mutanen wajen nan ke yi in magana ta fi ƙarfin baki. "To, Inna, sai haƙuri," ya ce. "Ni da ya koya mini, sai da na yi kuka sau biyu."

"Ni na riga na yi nawa," in ji Tuovi.

Oiva ya yi dariya ya koma motarsa, ya danna musu oda ya wuce, ƙasa na girgiza. Aulis ya sake tsugunawa a bayanta. Ta ji ƙirjinsa a kafaɗarta yana bugawa da sauri, kamar wanda ya sauke kaya mai nauyi daga hawa mai nisa. Ba ta juyo ba, don ta san ba ya so a ga fuskarsa yanzu. Ta dai jingina da shi kaɗan, shi kuma bai matsa ba.

"Za mu makara," ta ce.

"Su jira." Ya ɗora hannunsa a kan nata. "Saura tara. Kama na sama."